Ku Zauna da Tsofaffinku Tun Suna Iya Ba Ku Amsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau da masu tsofaffi a gida nake magana, kuma da wuya a samu wanda zai ce ba shi a ciki.

A makon nan muka raka wani dattijo na unguwarmu makwancinsa a nan Jos. Ba zan kama sunansa ba, domin iyalinsa mutanen kirki ne, kuma abin da zan yi magana a kai ya game gari, ba gidansu kaɗai ba. Mu dai Baba Lauya muke ce masa. Ya haura shekara tamanin. Ya yi soja, ya yi yaƙin basasa, ya dawo ya koma aji da girmansa har ya zama lauya, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, har tattaɓa-kunne ya ɗora a cinyarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna.

Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, kowa ya ƙudundune saboda sanyi, sai ga wani tsoho da sanda ya sauko daga keke. Daga Bukuru ya taso, sanye da tsohuwar rigar mazan jiya wadda ta koɗe amma ta sha guga. Ya yi ta'aziyya, aka shafa, sannan ya juya wajen samarin da ke gefe ya ce, "Ku ne jikokin nasa? Ya taɓa gaya muku inda ya samo tabon nan na ƙaurinsa na hagu?" Wuri ya yi tsit. Can ɗaya ya ce shi dai ya ɗauka hatsarin mota ne. Wani ya ce ai kamar a Laberiya Baba ya yi yaƙi. Laberiya, jama'a! Yaƙin da sojojinmu suka tafi a 1990, lokacin da Baba ya daɗe da ajiye kaki yana kotu. Tsohon nan bai ce uffan ba. Ya sunkuyar da kai, ya yi ta murza kan sandarsa.

Kuma wallahi samarin nan, tun kafin a dawo daga maƙabarta hoton Baba ya cika Facebook da WhatsApp ta hannunsu. Ga shi da baƙar riga da hular lauyoyi, ga shi da kaki yana saurayi, an rubuta "gwarzona", an rubuta "bango ya faɗi", an jera hotunan hawaye. Ban ce ba sa ƙaunarsa ba, na ga kukansu da idona, kuma kukan gaskiya ne. Amma mutumin da suke wa kukan ba su san shi ba. Sun rayu da shi gida ɗaya shekara da shekaru, ba su taɓa tambayarsa ba.

Shagona na ɗinki yana kallon dakalinsa, shi ya sa na san ɗan abin da na sani. Kullum bayan la'asar zai fito da hular sanyi da rediyonsa ƙarama, ya kakkaɓe dakalin da jarida, ya zauna. Takalminsa ko na zuwa masallaci ne sai ya goge shi, halin bariki bai bar shi ba har ya koma ga Allah. In ya ga aiki ya yi mini sauƙi sai ya ce, "Tela, taka keken a hankali, zo ka ji." Abin da na ji ke nan zan ba ku kaɗan daga ciki, don ku ga irin abin da ke zaune a zaurukanmu muna wuce shi da sallama ɗaya.

A barikin kuza aka haife shi, can wajen Bukuru. Mahaifinsa yana cikin dubban mutanen da Turawa suka kwaso daga ƙasashen sarakunan Arewa aikin tilas na haƙar kuza tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin Hitila, da yawa sanyin tsaunin nan da ciwon haƙarƙari suka kashe su. Shi mahaifin ya rayu, ya zauna, ya yi iyali. Yawancinmu Hausawan Jos in muka bi salsala za mu tarar da kuza ko fatauci ko jirgin ƙasa a gindin zamanmu a garin nan, amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin garin da kakansa ya baro, da shekarar da ya zo, da dalilin zuwansa? Sai rigima ta tashi an ce mana baƙi, sannan kowa ya hau kame-kame yana neman tarihi, alhali mai tarihin yana ɗakin baya yana tari, ba wanda ya leƙa shi.

Ya ce yana saurayi a 1966 ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Jos yana kallon Inyamurai maƙwabtansu suna cusa kai cikin taragu da 'yan ƙullin kayansu, bayan kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa. A cikinsu akwai yaron da suka zauna benci ɗaya a firamare. Bai sake ganinsa ba. Ranar 6 ga Yuli 1967 aka buɗe wuta a Gakem wajen Ogoja, aka shiga kiran samari soja. Kafin yaƙin sojan Najeriya duka bai wuce dubu 10 da 'yan kai ba, aka gama suna kusan dubu 250, to ku ƙiyasta yawan 'ya'yan mutane da aka kwasa. Shi ma ya bi sahu. Aka yi musu horon kurata na 'yan makonni a Zariya, aka zuba su a jirgi ta Makurdi, aka haɗa su da Runduna ta Ɗaya ta Kanar Muhammadu Shuwa, wadda ta karɓi Inugu a watan Oktoba 1967. A hanyar Umuahia, garin da ya faɗi a watan Afrilu 1969, nan ya samu tabon da jikokinsa suka ɗauka na mota ne. Nakiya ce ta gida da 'yan Biyafara suke haɗawa, sojoji suna ce mata bokitin Ojukwu, a cika ta da ƙusoshi da guntayen ƙarfe da tsakuwa. Ta tashi da mutanen da ke gabansa, shi ɓarɓashi ya samu. Wanda ya saɓa shi a kafaɗa ya fitar da shi daga dajin, shi ne tsohon nan mai sanda da ya zo daga Bukuru. Ba Musulmi ba ne ma, mutumin Pankshin ne. Ya zauna a tabarmar makoki ba wanda ya san ko shi wane ne a gidan.

Baba ba ya ba da labarin yaƙi da alfahari. Abin da ya fi tsaya masa a rai yaran da suka tarar a ƙauyuka ne, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu sun bushe, ko kuka ba sa iyawa. Ƙiyasin da aka fi ji shi ne mutum sama da miliyan ɗaya suka mutu a yaƙin, akasarinsu yunwa ce ta kashe su. In ya zo nan a labarin sai ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe bai mayar ba. Ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong, shugaban sojan Biyafara, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Ita ce ranar da har yau ake ajiye furanni duk shekara don tunawa da mazan jiya. Furen yana da kyau, amma masu ran da suka rage fa?

Na taɓa tambayarsa me ya kai soja karatun lauya. Ya ce wani abokinsa ne ya mutu a fagen daga, da aka dawo ya je yi wa matar gaisuwa ya tarar dangin miji sun kwashe haƙƙin mamacin, sun sayar da gidan, ita da marayu uku suna raɓe a ɗakin aro. Ya bi ofis-ofis da ita, ko'ina sai a ce ina takarda, ina shaida, shi kuma bai san ta inda ake kama zancen ba. Abin ya ci masa rai. Ya koma karatu da fitilar ƙwai a bariki, yana yin darasi ta wasiƙa, ya ci jarrabawa, ya samu shiga Kongo a Zariya inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da shari'a, yana aji ɗaya da yaran da suka kusa zama 'ya'yansa. Daga nan makarantar lauyoyi a Legas, don a lokacin can kaɗai take, sai a 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari ta Abuja. Ya dawo Jos, ana cikin sabuwar Jihar Filato da aka ƙirƙiro a 1976, ga dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta zo ta ɗora filaye a hannun gwamna, mutane ba su gane kanta ba. Shari'ar fili da ta gado su ne suka ci rayuwarsa. Bai tara dukiya ba. Akwai gwauruwar da ta biya shi da kwanon acha, akwai wanda ya kawo buhun dankali daga Bokkos, akwai waɗanda addu'a kawai suka bayar, kuma ya karɓa.

To ku ji abin da ya fi ƙona mini rai. Mutumin da ya san gado ciki da bai, wanda baƙi suke tasowa daga Bauchi da Lafiya neman shawararsa, yaran layinmu in rigimar fili ta same su sai su tsallake dakalinsa su tafi wajen wani yaro mai jaka a bakin kotu, ko su hau intanet suna tambayar waɗanda ba su san fuskarsu ba. Kamar mai rijiya a tsakar gida ne ya rufe ta da faifai ya fita layin 'yan garuwa.

Sau da yawa ina kallo, jikansa zai zo ya durƙusa, "Baba ina wuni." Fuskar tsohon ta washe, ya matsa ya ba shi wuri, ya fara, "Ka san lokacin da muke Inugu..." Sai wayar yaron ta yi ƙara. Ya zaro ta, ido ya koma kanta, yana ta "uhm, uhm, haka ne Baba," babban yatsa yana ta aiki. Baba zai ci gaba da jimla ɗaya ko biyu, muryar tana raguwa, sannan ya haɗiye sauran, ya ce, "Je ka abinka, Allah Ya yi albarka." Ya mayar da rediyo kunne. Wallahi ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Tsofaffinmu suna da kara, ba za su roƙe ka ka saurare su ba, su dai za su yi shiru, kai kuma ka ɗauka ba su da abin faɗa.

Kai da kake Abuja, da kai nake. Duk ƙarshen wata kana tura kuɗi, Allah Ya saka maka, ba ƙaramin abu ba ne a wannan tsadar rayuwa. Amma yaushe rabonka da ka zauna a gaban mahaifinka ba ka duba agogo ba? Daga Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga, in ka fito da safe kafin la'asar kana gida. Bikin abokin aiki kana zuwa har Legas, ɗaurin auren ɗan maigidanka ba ka taɓa fashi ba, amma tsohonka sai Sallah, Sallar ma ka shigo da rana tsaka, ka ɗauki hoto da shi, ka ce akwai inda za ka leƙa, sai kuma da daddare yana barci. Ke da kike aure a Rikkos mahaifiyarki tana Gangare, kina aika mata tuwo da yaro kullum, madalla, amma ita fuskarki take son gani, tana son ta gaya miki yadda aka yi aurenta da wanda ya yi mata lalle, kin taɓa ba ta dama? Kai ɗalibi da kake jami'a kana rubuta takarda a kan yaƙin basasa daga abin da ka kwafo a waya, kakanka da ya taka ƙasar da ƙafarsa yana zaure.

Sai ka ji an ce, "Ai Baba ya fara maimaita magana, labarin nan mun ji shi ya fi a ƙirga." Kun ji shi, to ku faɗa mana sunan garin. Ku faɗa mana shekarar. Ba ku ji ba, kun dai kasance a wurin ana faɗa. Kuma ko da ya maimaita, sau nawa ka tambaye shi abu ɗaya kana yaro yana ba ka amsa yana dariya? Ayar da ta hana ka ce musu "tir" kowa ya haddace ta tun a makarantar allo, to tsakin da kake yi a zuci in ya fara zance, da kallon da kuke yi wa juna kai da ƙaninka, da "to Baba bari mu je" tun bai kai aya ba, a wane babi za mu sa su? Wasu ma sun wuce nan. An gyara gida an sa tayil, an mayar da tsoho ɗakin da ke kusa da makewayi don kada baƙi su ji tarinsa. An kwantar da shi asibiti an ɗauko yaron haya ya kwana da shi, 'ya'ya suna bugo waya suna tambayar likita, ba wanda ya ce a ba shi wayar. Ku ji tsoron Allah.

Kada kuma a ɗauka asarar ta tsaya kan labari. Gidaje nawa ne a garin nan suka watse a kan gado don ba wanda ya zauna da tsoho ya tambaye shi ina iyakar gonar take, wa ake bi bashi, wa ke binmu, filin nan saye ne ko aro ne ko jingina, su wa suka yi shaida? Baba Lauya da bakinsa yake cewa yawancin shari'un da ya yi, da an yi hirar dare ɗaya da mamacin yana raye, da ba a je kotu ba. 'Yan'uwa ciki ɗaya su yi shekara goma suna ɗaukaka ƙara, kuɗin lauya ya cinye abin da ake faɗan a kai, zumunci ya mutu, duk a kan tambayar da ba a yi ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan girma, kuma mu mutanen Jos ba sai an yi mana bayani ba. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 da garin nan ya kama da wuta, na ga Baba ya fito da ɗingishinsa ya tsaya a bakin layi, samari suna ta zarya jini ya hau. Ya ce musu, "Ku da kuke rawar jiki, akwai wanda ya taɓa jin warin gawar da ta kwana uku a rana? Ni na ji. Ku tsare gidajenku, amma kada wanda ya taɓa ɗan wani da bai taɓa ku ba." Wasu sun ji, wasu sun ce tsoho ya tsorata. Muka sake gani a 2008, muka sake gani a 2010, unguwanni suka rabu, wanda kuka tashi tare ya zama sai dai ku haɗu a kasuwa. Yau ka buɗe waya ka ga yaron da ko yankan rago bai iya kallo yana rubuta "a raba ƙasar kawai, a gwabza." An yi shekaru an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, muna ta zagin gwamnati a kai, to amma wa ya hana mu tarihin da ke cikin gidajenmu? Duk yaron da ya taɓa zama ya ga tsohon soja yana goge hawaye a kan yaran da yunwa ta kashe, da wuya ya yi wa yaƙi guɗa.

Mazan jiyan nan ƙarewa suke yi. Na yaƙin Bama, waɗanda aka kai dazukan Arakan da kwarin Kaladan a runduna ta 81 da ta 82, yanzu sai an tona kafin a samu ɗaya. Waɗanda suka je aikin soja ƙasar Kwango sun yi ƙaranci. Na basasa, ƙaraminsu ya haura saba'in. Wasunsu ne kuke gani a ƙofar ma'aikatu da makarantu da kakin mazan jiya suna buɗe muku ƙyaure, kuna danna musu hon don sun yi nawa. Mutumin da ya kwana a rami cikin ruwan sama don ƙasar nan ta zauna ɗaya, yau yaron da bai kai jikansa ba yake daka wa tsawa. Ko sannu Baba ba za ta fito ba?

Na san kuna son su. Na ga yadda jikokin Baba mata suke shigowa suna ce masa "angona", yana ce musu "amarya, yau ma ba ki kawo mini tuwon ba, zan ƙara aure," gida ya kaure da dariya. Wannan wasan jika da kaka da Allah Ya ba mu ƙofa ce a buɗe, abin da ɗa zai ji nauyin tambaya jika zai tambaya kai tsaye a ba shi amsa har da ƙari. Ku yi amfani da ita. Ba a ce ku bar aiki ba, ba a ce ku kashe ko sisi ba. Tsakanin magariba da isha ya isa. Ka kife wayar, ko in ba ka iya rabuwa da ita ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa da ita. Ka ce, Baba, wane gari kakanmu ya baro? Wa ya raɗa maka suna? Ranar da ka fi jin tsoro a rayuwarka wace ce? Akwai wanda ya yi maka alheri da kake so mu riƙa gaida iyalinsa? Akwai haƙƙin wani a kanka da kake so a sauke? In ya yi shiru kada ka cike masa shirun, jira shi. In ya kauce hanya ya shiga wani zance, bi shi.

Kuma kada a manta da iyaye mata. Hajiyar Baba tana ciki tana takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma kun san yadda muke: kwana bakwai gida cike, daga nan ƙafa ta ɗauke, a bar tsohuwa da carbi da bango. Ita ce ta yi jinyar ƙafar nan, ita ta riƙe gida da sana'ar ƙosai yana Kongo yana karatu. Rabin tarihin yana bakinta. Irinta suna nan a kowane layi, daga Unguwar Rogo har Dilimi.

Don Allah, don Annabi, wanda yake da tsoho ko tsohuwa a raye, kada ya tsaya rubuta mini "Allah Ya jiƙan Baba" a ƙasan rubutun nan ya wuce. Addu'ar muna so, Allah Ya karɓa. Amma ka tashi ka je. In yana gari ɗaya da kai, yau. In yana nesa, ka kira shi yanzu, kuma kada ka zama kai ne mai cewa sai an jima.

Allah Ka gafarta wa iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu, waɗanda suke raye Ka ƙara musu lafiya, Ka ba mu haƙurin zama da su. Ku je, don Allah ku je.